Daga Agege Zuwa Bakin Ruwa: Abin Da Ke Gaban Mai Sayen Tsohon Jirgi Mai Inji

Agege gari ne na tudu. Hanyar jirgin ƙasa da cinikin goro su ne suka tara Hausawa a can tun zamanin Turawa, musamman bayan da dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sa'an nan fataucin shanu da na hatsi suka ƙara musu yawa. Yaron da ya tashi a Zango ya san mota, ya san babur, ya san jirgin ƙasa, amma da wuya a ce ya san ruwa, ko da yake tafkin Ikko da rafukansa suna kwance ne 'yan miloli kaɗan daga ƙofar gidansu.

To, zamani ya soma juya fuskar mutanen tudu wajen ruwa. A watan Fabrairu na 2020 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, ta sake tsananta hanin ran 1 ga Yuni, 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da tsibirin Ikko da Mainland, watanni uku bayan haka kuma ta ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. 'Yan Arewa da yawa ne wannan doka ta raba da hanyar abincinsu. A gefe guda kuwa ga jiragen ruwa suna ta kai da komowa tsakanin Ikorodu da Ebute-Ero, da Badore, da Mile 2, da Apapa, cike da mutanen da suka gaji da cunkoson titi. Wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya dubi wannan, dole zuciyarsa ta raya masa sayen jirgi. Sabo ya fi ƙarfinsa, sai tsoho. A nan ne fa ake bukatar natsuwa, domin araha ba ta ado.

Abin da ya kamata sabon shiga ya fara sa wa ransa shi ne jirgi ba mota ba ne. Mota in ta mutu a hanya, direba ya gangara gefe, fasinja su sauka su nemi wata. Jirgi kuwa in injinsa ya tsaya, ba gefen da zai gangara, ba shi da birki, ruwa ne zai tafi da shi inda ya ga dama. Ruwan Ikko yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma lokacin da yake janyewa yana gudu da ƙarfi a rafukan da ke kusa da tashar manyan jirage. Ran 8 ga Yuli, 2022 wani jirgin fasinja ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da almuru. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, watau LASWA, ta bayyana cewa ruwa ne ya ja shi ya haɗa shi da wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife, mutane fiye da 15 suka rasu, har da yara, kuma ba dukansu ne ke sanye da rigar ruwa ba.

Saboda haka duban farko na inji ne, tun da shi ne rabin kuɗin jirgin ko fiye, shi ne kuma ransa. Yawancin ƙananan jiragen Ikko injin rataye suke amfani da shi, wanda ake ɗaurawa a baya, Yamaha ya fi yawa. Kada mai saye ya yarda a tayar masa da inji wanda aka riga aka ɗumama kafin zuwansa. Ya taɓa shi da hannu ya ji da sanyinsa, sa'an nan a tayar a gabansa. Injin da ya sha wuya yakan ɓoye laifinsa in ya yi zafi. Da ya tashi, sai a dubi ɗan siririn ruwan da yake tsartarwa ta baya. Wannan ruwa shaida ce cewa famfon da ke sanyaya injin yana aiki. In ya yi rauni ko ya ɗauke, to, robar famfon ta cinye, ko gishiri ya toshe hanyar, kuma injin da ba ya samun ruwa minti kaɗan ya ishe shi ƙonewa. Robar ba ta da tsada, masu hankali sukan sake ta tun ranar da suka sayi jirgin.

Bayan wannan sai makaniki ya kwance kusar akwatin giya da ke can ƙasa kusa da farfela, ya ɗigo man a tafin hannu. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa yana shiga ciki ke nan. Ya kuma auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'auni. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai babban gyara a gaba. Amma fa makanikin ya zama na mai saye ne, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma ya zama makanikin injin ruwa. Gwanin babur na bakin tasha, kome ƙwarewarsa, ba fagensa ba ne.

Gangar jikin ita ce ta fi yaudara. Jirgin faiba yana iya shan sabon fenti ya yi ta ƙyalli alhali cikinsa ya ruɓe, domin bangon baya inda ake rataya inji katako ne aka lulluɓe da faiba. Ruwa yakan bi ta ramukan kusoshi ya shiga katakon, ya yi shekaru yana cinsa ba wanda ya gani. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗaga injin sama, a danna ƙafarsa da ƙarfi, a lura ko bangon yana motsi ko yana buɗe baki. A bi shi da ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi dum. Haka za a taka daɓen jirgin taki-taki. Lalle ne kuma a fitar da jirgin tudu a ga ƙasansa, domin mai sayarwar da ya ƙi a fitar, ya san abin da yake ɓoyewa. Mutanen Arewa ba su manta da abin da ya faru a Wara ta ƙasar Ngaski, Jihar Kebbi, a watan Mayu na 2021 ba, inda wani jirgin katako da aka labta wa mutane fiye da kima ya tarwatse a tsakiyar Kwara, aka yi hasarar rayuka masu yawan gaske.

Sai batun mai, wanda shi ne ke karya sababbin masu jirgi a ɓoye. Tsofaffin injuna irin waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai suna da saurin gyara, amma suna da ci. Mai ƙarfin doki 40 yakan sha kusan lita 20 a awa ɗaya in aka sake masa wuta duka, balle manyan da ke jan jiragen Ikorodu. Gaurin da aka saba shi ne kashi ɗaya na baƙin mai cikin 50 na fetur, watau rabin lita a tanki mai lita 25, kuma wanda ya yi ƙwauron baƙin mai zai biya da injinsa. Kafin a janye tallafi a ƙarshen Mayu na 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000. Wanda bai zauna ya lissafa man zuwa da komowa, da yawan kujerun da za su cika, kafin ya miƙa kuɗi ba, zai tarar yana yi wa gidan mai aiki ne.

Takardu ma suna da nasu rikici. Akwai hukumar tarayya, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, akwai kuma LASWA ta jiha, ta 2008. Sun daɗe suna shari'a a kan wa ke da ikon ruwan Ikko, har Kotun Ƙoli ta ba Gwamnatin Tarayya gaskiya a watan Janairu na 2024. Duk da haka ma'aikatan jiha suna nan a tashoshi, don haka ya kamata sabon mai jirgi ya leƙa ofisoshin biyu ya ji abin da ake bukata na rajista, da duba lafiyar jirgi, da lasin matuƙi. Ya kuma gwada lambar da ke jikin injin da wadda ke kan rasiɗi, domin injin rataye abu ne da ɓarayi ke so, kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi. Dokokin da ba sa canzawa a kowane ofis su ne rigar ruwa ga kowane fasinja, da hana lodi fiye da ƙa'ida, da hana tafiyar dare.

Ko jirgi ya yi lafiya ƙalau, saura sanin hanya. Tafkin Ikko ba shi da zurfi a wurare da dama, akwai tudun yashi, da tarun masunta, da bututun masu haƙar yashi, da matattun jirage da ke kwance a ƙarƙashi. Akwai kuma wata irin kainuwa da ta shigo ta rafin Badagry a 1984, wadda takan rufe hanyar Ikorodu a ƙarshen damina, ta naɗe farfela, ta toshe mashigar ruwan inji. Ilaje da Egun da Ijo da ke tuƙi a nan sun gaji wannan sani ne tun suna yara, kamar yadda Sarkawa suka gaji Kwara a ƙasar Yawuri. Mutumin Agege ba shi da wannan gado, sai dai ya ɗauki matuƙi ƙwararre, shi kuma ya zauna kusa da shi wata da watanni yana koyo, ya koyi iyo tun kafin ranar bukata.

Ga kuma nisan gida. Jirgi ba ya kwana a ƙofar mai shi kamar babur. A bakin ruwa zai kwana, shi kuwa mai shi yana Agege, don haka kuɗin mai gadi da na wurin ɗauri suna cikin lissafi. Ruwan tafkin yana ƙara gishiri da rani, kuma injin yana bukatar a wanke cikinsa da ruwan daɗi bayan aiki, a kwashe ruwan saman da ya taru cikin jirgin da damina kafin ya nutsar da shi a inda yake ɗaure. Wannan aiki ne na kowace rana, ko an fita ko ba a fita ba.