Guzurin Masu Neman Ƙurewar Kudu

Duk wanda ya taɓa fita rangadi ya san guzuri shi ne rabin tafiya. Amma mai rangadi ya kan sauka wani gari ya ƙara hatsi. To, yaya mutum zai yi in tafiyar ta wata uku ce, a ƙasar da babu gari, babu kasuwa, babu ko itacen hura wuta, sai ƙanƙara? Wannan shi ne lissafin da ya fuskanci Roald Amundsen, mutumin Norwe, da Kyaftin Scott na Ingila, sa'ad da su ka tasam ma ƙurewar duniya ta kudu a shekarar 1911. Muna ganin ya dace malamai su kai shi aji.

Ba mai iya jan abincin wata uku gaba ɗaya, gama yawan kaya shi ke ƙara yunwa. Saboda haka dukansu biyu su ka yi dabara guda, watau su riga kai abinci gaba su ajiye zango zango, don su tarar da shi a hanya.

Amundsen ya yi rumbuna uku a digiri 80 da 81 da 82, ya zuba musu kaya wajen tan uku. Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne yadda ya yi musu alama. A rumbun farko ya kafa tutoci 20 a jere, sun gitta hanya, goma gabas goma yamma, kowace da lambarta. Ko hazo ya sa matafiyi ya kauce, lalle ya ci karo da tuta, lambarta kuwa ta gaya masa gefen da rumbu ya ke. Gwangwanayen kananzir kuma ya sa an liƙe su da dalma. Har karnukansa ma suna cikin lissafin abinci: ya tashi da 52, ya komo da 11. Ya isa ƙurewar ran 14 ga Disamba 1911, ya dawo da mutanensa duka lafiya.

Scott kuwa ya yi nufin ajiye babban rumbunsa a digiri 80, amma dawakinsa su ka gaji. Kyaftin Oates ya ba shi shawara a matsa da su har can, a yanka su a ajiye naman. Ya ƙi, don tausayin dabbobin, aka sauke kayan saura mil 30 da wani abu. Ba mu ga laifin tausayi ba, sai dai an biya shi da tsada. Daga baya kuma ya ɗauki mutum na biyar zuwa zangon ƙarshe, alhali an ƙulla rabon abinci na mutum huɗu huɗu ne. Rabon kansa bai kai ba: kalori wajen 4,500 a yini, ga mutanen da ke jan kaya da ƙarfinsu suna ƙone fiye da 6,000.

Sun isa ran 17 ga Janairu 1912. A kan hanyar komowa su ka riƙa tarad da kananzir ya ragu cikin gwangwani, don fatar murfin ta lalace. In babu kananzir kuwa, ba dafuwa, ba kuma narka ƙanƙara a sha. Evans da Oates su ka mutu a hanya. Scott da Wilson da Bowers su ka rasu cikin tantinsu a ƙarshen Maris, saura mil 11 su kai ga rumbun nan. Da an ajiye shi inda aka yi niyya tun farko, da sun riga sun cim masa da wajen mil 20.