Shirye-shiryen samun kuɗi daga gida: Daga ina ribar ke fitowa?



Da wuya Juma'a ta wuce a 'yan shekarun nan ba tare da wani ya tare mu a ƙofar masallaci da waya a hannu ba, yana nuna mana saƙon da aka turo masa ta WhatsApp, yana cewa, "Malam, wannan halal ne?" Kwanakin baya wani magidanci ya zo bayan aikin gama ya gama. Mai ɗakinsa ta sayar da 'yan kunnenta na zinare ta zuba kuɗin a wata manhaja mai biyan mutane ladan danna tallace-tallace. An biya ta sau biyu, sai ta jawo ƙannenta biyu da maƙwabciyarta. A mako na bakwai manhajar ta daina buɗewa. Kuɗi sun tafi, maƙwabciyar kuma ta daina amsa sallamarsu.

Ba mu ga laifin mai neman ƙarin abin hannu ba, musamman da irin tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Neman halal ibada ce, sana'ar cikin gida kuwa gadonmu ce: da ƙosai da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula iyayenmu mata suka aurar da 'ya'ya. A yau akwai masu sayar da turare da atamfa ta Instagram, da masu koyar da karatu ta waya, da masu aikin fassara, kuma suna cin guminsu. Abin da muke buƙata ma'auni ne da zai rarrabe mana sana'a da tarko, kuma ma'aunin tambaya ce guda: kuɗin da za a ba ni, daga ina suke fitowa?

Tarihi ya riga ya amsa ta sau da dama. A 1920 wani mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston a Amurka alƙawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, ashe kuɗin sababbin shiga yake rarraba wa tsofaffi. Da sunansa ake kiran wannan salon damfara har yau. Shirin MMM na Sergei Mavrodi, ɗan ƙasar Rasha, ya zo Najeriya da alƙawarin kashi 30 a wata, ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, kuma hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar kimanin Naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX, mai alƙawarin ninka kuɗi cikin kimanin wata guda, ya durƙushe har EFCC ta shiga bincike. Suna ke canzawa, amma a duka ukun aljihun na baya ne ya biya na gaba.

Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mu cin dukiyar junanmu ta hanyar ɓarna, ta buɗe mana ƙofar kasuwanci bisa yardar juna. Don haka duk shirin da aka kawo mana, sai mu nemi gurbinsa a cikin ƙulle-ƙullen da fiƙihu ya sani.

Idan aka ce aiki ne, to ijara ce, kuma sharaɗinta a san aikin, a san ladan. Mai aiki shi ake biya. Duk inda aka ce sai ka fara ajiye kuɗin rajista, ko ka sayi "matsayi" kafin a ba ka aikin da ya fi tsoka, ciniki ya juye, kai ne hajar. Sannan a dubi aikin kansa. Wanda ake biya don ya yabi kayan da bai taɓa gani ba, ko ya ba otal taurari biyar bai taɓa kwana a ciki ba, yana ruɗar mai saye ne. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato zuga farashi daga wanda ba shi da niyyar saye, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito haninsa daga Abdullahi ɗan Umar (RA).

Idan aka ce zuba jari ne, to ƙiradi ne, wanda ake kira mudaraba. A nan riba kaso ce daga abin da kasuwancin ya samar, kamar rabi ko sulusi, asara kuma tana kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba. Da zarar an lamunce maka uwar kuɗi tare da ƙari ƙayyadadde kowane wata, an bar ƙiradi an koma bashi mai jawo amfani, wato kuɗin ruwa. Lissafi ma ya isa shaida: Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta haura Naira miliyan 2.3 a shekara guda. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ko Dawanau ya taɓa ganin haka? Mai irin wannan sirri ba zai nemi dubu ashirin ɗinka ba.

Idan kuwa aka ce samunka yana kan yawan mutanen da ka shigo da su, to a yi hattara ko da an haɗa da sabulu ko maganin ƙarin lafiya. Dillanci halal ne, domin dillali yana cin la'adar haja da aka saya don ana buƙatarta. A tsarin jawo mutane kuwa, hajar lulluɓi ce, kujera ake saya. In kowa zai kawo mutum shida, a hawa na 11 ana buƙatar mutum sama da miliyan 360, fiye da al'ummar Najeriya gaba ɗaya. Dole ne mafi yawa su yi asara kafin 'yan sama su samu. Saboda haka ne Kwamitin Dindindin na Fatawa na Saudiyya ya haramta shi, bisa dalilin kuɗin ruwa da garari da yaudara.

Wani zai ce, "Ai ni an biya ni." Biyan farko shi ne tsabar da ake watsa wa kaza. Abin da ya shigo hannunka fiye da jarinka dukiyar wani bawan Allah ce, mai yiwuwa wanda ya shiga saboda ya yarda da kai. Tuba a nan ba ta cika sai da mayar da haƙƙi, kuma wanda ya jawo 'yan'uwansa ya je ya nemi yafiyarsu tun kafin ranar da babu Naira babu Dala.

Akwai kuma binciken da ya wajaba a kanmu. Takardar rajistar CAC shaida ce kawai cewa kamfani yana da suna. Mai karɓar jarin jama'a sai da izinin hukumar SEC, kuma ana iya duba sunayen masu izini a shafinta. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara mai nauyi da ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan damfara. Kada mu ba kowa lambar sirri ta banki, kada mu ba da aron asusunmu a riƙa wucewa da kuɗin da ba mu san asalinsu ba. Wanda ya ce yau ne kaɗai damar shiga, tsoro yake ji kada mu yi shawara.

Mu ma masu hawa mumbari akwai nauyi a wuyanmu. Masu waɗannan shirye-shirye sun gane cewa kalmar "halal" da hoton malami suna buɗe aljihun Musulmi. Kada mu sa albarka a taron da ba mu karanta ƙa'idojinsa ba, kada mu bari a mayar da zaurukan masallaci da na Islamiyya wurin farautar mutane.

Kafin ka tura ko sisi, ɗan'uwa, ka tambayi mai gayyatarka abin da ake sayarwa, da wanda ke saye, da abin da zai faru in an daina samun sababbin shiga. In ya kasa amsawa cikin harshen da mahaifiyarka za ta gane, riƙe kuɗinka. Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafificin alheri.