Abin da ke kayar da masu cutar karkarwa idan hankalinsu ya rabu

Ga mai lafiya, tafiya ba ta buƙatar tunani. Manomi a fadamar Miga yakan bi kunyar shinkafa da buhu a ka, yana amsa gaisuwa, ƙafafunsa na aikinsu ba tare da ya lura ba. Wannan sauƙin na cikin abubuwan da cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira Parkinson, take ƙwacewa.

Cutar, wadda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817, tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsin da jiki ya saba ya gudana da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a 2019.

Rawar hannu ce jama'a suka fi sani, amma faɗuwa ta fi ta ɓarna. Idan dofamin ya ragu, majinyaci sai ya riƙa lissafa kowane taku da hankalinsa. Shi kuwa hankalin, cutar ba ta ƙyale shi ba: tana rage saurin tunani da iya haɗa ayyuka biyu a lokaci guda. Saboda haka dattijon da ke tafiya lafiya lau yana iya cijewa a ƙofar zaure, ƙafa ta maƙale kamar an kafe ta, don kawai an kira sunansa ya waiwaya. Doguwar gaisuwar nan ta girmamawa, idan aka yi masa ita yana cikin tafiya, nauyi ce aka ƙara masa. Gara a bari ya zauna tukuna.

A yanki irin Miga, inda damina kan cika hanyoyi da taɓo, kuma wurin alwala ba ya rabuwa da santsi, faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu ta kwantar da magidanci.

Maganin lebodofa yana sassauta sanƙarewar jiki da jinkirin motsi, sai dai tasirinsa kan tangaɗi ƙalilan ne. Nan ake buƙatar atisayen masu gashin ƙashi, da dabaru irin su ƙirga taku da baki ko shata layuka a ƙasa don a riƙa tsallakewa. Iyalin da suka ga tangaɗi haɗe da mantuwa su daina jingina shi ga tsufa ko sammu, su kai majinyacin asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko na Aminu Kano, su kuma faɗa wa likita sau nawa ya faɗi da abin da yake yi a lokacin.