Kafin ki miƙa wa uwa kwalbar magani: darasin farko ga ɗaliban aikin jinya

Shirin yau na ɗaliban aikin jinya ne, musamman 'yan uwanmu da ke zuwa koyon aiki a asibitocin Roni, Kazaure, Gwiwa da Babura. Zan riƙa cewa "ki", amma ku maza har da ku nake.

Bari mu fara da abin da ya taɓa faruwa. A ƙarshen shekarar 2008 aka riƙa kai yara ƙanana asibitoci a Legas da Ibadan, har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Duk alama ɗaya: zazzaɓi, amai, sai fitsari ya ɗauke. Da aka bincika, sai aka gano an ba su wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol, irin wanda ake sa wa a man birki. Yara 84 suka rasu. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu, shekara bakwai-bakwai.

To, me ya sa fitsari ya ɗauke? Amsar tana cikin darasin farko na ilimin magunguna, wato tafiyar da magani ke yi a jiki. Zango huɗu ne. Na farko, ya shiga jini: ƙwaya sai ta narke hanji ya tsotse ta, allurar jijiya kuwa kai tsaye take shiga, shi ya sa kuskurenta ba ya jira. Na biyu, jini ya kai shi sassan jiki. Na uku, hanta ta sarrafa shi. Na huɗu, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Wancan sinadarin, da hanta ta sarrafa shi sai ya koma gubar da ke lalata ƙoda. Kun ga ke nan duk wanda hantarsa ko ƙodarsa ke da rauni, kamar jariri ko tsoho, magani na iya taruwa a jikinsa fiye da yadda ake zato.

Wannan ya kawo mu batun awo. Ɗauki farasitamol, wanda kowa ya raina. Babba mai lafiya ba ya wuce giram 4 a yini, in ya zarce hanta ce za ta ji jiki. Yaro kuma da nauyinsa ake lissafi, miligiram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. In kwalbar ta nuna miligiram 125 a kowane mililita 5, to mililita 6 ke nan. Da sirinji ko murfin awo za ki nuna wa uwa, don cokalin gida kowanne da girmansa.

Sannan ki san magani yana da suna biyu: na asali da na kasuwa. Panadol sunan kasuwa ne, abin da ke ciki farasitamol ne, kuma magungunan mura da yawa akwai shi a ciki. Saboda haka ki riƙa tambaya: "Mama, me aka ba shi a gida? Kin zo da kwalin?" Sau da yawa an riga an biya kemis kafin a iso wurinki.

Yanzu, wa ke sa ido a kan magunguna? Tun a 1990 irin wannan gubar a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan. Bayan nan ne, a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC, mai yi wa magani rajista kafin a sayar da shi. Hukumar PCN ita ke ba masu harhaɗa magunguna da masu kemis lasisi. NDLEA kuma tana bin masu safarar ƙwayoyi irin su tiramadol. Za ku tuna a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda matasa ke shan sa, har da na Kano.

Amma fa hukuma ba ta tsaye a gefen gadon majinyaci. Ke ce a wurin. Kafin ki ba da magani, duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar wa'adi, da lambar rukunin da aka haɗa shi, don da ita ake bin sawun magani in an samu matsala. Masu jabu ma suna buga lamba, don haka ki duba launi da hatimin murfi. Ki lura da ajiya kuma: yawancin magunguna ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, mu kuwa a nan Roni zafin watan Afrilu kan kai 40. Allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta daɗe a zafi ƙarfinta raguwa yake yi, alhali kwalbar na nan fes.

Sai tambayoyi biyar a kowane lokaci: shi ne majinyacin? Shi ne maganin? Awon daidai ne? Ta wace hanya? Lokacin ya yi? In rubutun likita bai fito ba, ki koma ki tambaya, babu abin kunya a ciki.

In kuma kin ga wata alama da ba ki saba gani ba bayan an sha magani, ki sanar da na gaba da ke nan take, a ajiye kwalbar, a cike takardar rahoto mai ruwan ɗorawa da ake aika wa NAFDAC. Yara biyu ko uku masu ɗaukewar fitsari a mako guda ba abin yin shiru ba ne.

A nan za mu dakata. Masu tambaya su ajiye a ƙasa, za mu amsa a shiri na gaba in sha Allahu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.