Kokowar Arewa da Jujitsun Japan: Wanne Ke Fid da Mutum Ranar Tsiya?

Da an gama girbin hatsi a ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Kore Mairuwa da Gesheme, dandali ba ya kwana shiru. Makaɗa na bugu, samari na ɗaura warki, yaro ɗan shekara goma ma ya san yadda ake kama ƙugu a sa taɗiya. Jahar Doso ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Filin kokowar birnin Doso sunan ɗan kokowa Salma Dan Rani ya ci, kuma ɗan kokowar jahar Isaka Isaka ya ɗauki takobin ƙasa karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka soma gasar a Tawa a 1975. Sai ga waya ta kawo wa samari bidiyon jujitsu, inda siririn mutum ke murɗe hannun ƙato ya karɓe wuƙa kamar wasa. A fada ana ta gardama: abin nan gaske ne ko dodorido?

Jujitsu dabarar mayaƙan Japan ce na da. Wanda ke sanye da sulke naushi ba ya yi masa komai, don haka suka dogara ga kayarwa, murɗe gaɓa da shaƙewa. Tsofaffin makarantunsu kuwa galibi da tsararren wasa suke koyarwa: mutum biyu, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi, mai kai hari ya miƙo hannu ya jira a kayar da shi. Suna da hujja, domin ba a gwada tsone ido ko karya wuya da gaske a kan abokin karatu. Amma mai ƙwacen waya ba ya miƙo hannu ya jira.

Jigoro Kano ya gane wannan giɓi. Da ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882, ya ajiye dabarun da ke nakasa mutum gefe, domin ɗalibai su riƙa gwabzawa da iyakar ƙarfinsu kullum ba tare da an ji ciwo ba. Daga nan judo ya fito. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Brazil a 1914, iyalin Gracie suka koya daga wannan tushe, har Royce Gracie ya ci mutum uku da suka fi shi nauyi a dare ɗaya a birnin Denver na Amurka a 1993. Abin da ya yi masa rana shi ne sabo da abokin karawa mai turjiya.

Wannan sabon kuwa ɗan kokowar Arewa da shi ya tashi. Ya san nauyin mutumin da ba ya son faɗuwa, ya san yadda numfashi ke ƙarewa, in an rungume shi ba ya ruɗewa. A ganina ya fi wanda ya haddace dabara ɗari bai taɓa gwada ko ɗaya a kan mai gardama ba. Inda yake da rauni shi ne ƙa'idar fagensa: da an kai ƙasa alƙali ya busa, magana ta ƙare, ga rairayi mai laushi. A bakin tasha babu alƙali, kuma a ƙasan ne faɗa ke yin muni.

Nan jujitsu ke da abin bayarwa. Darasinsa na farko faɗuwa ce: ka manne haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka lanƙwasa baya ka mirgina, kada ka tokare da tafin hannu, wanda shi ne ke kai mutane wajen maɗori da karayar tsintsiyar hannu ko ƙashin wuya. Ɗan kabu-kabu zai fi cin moriyar wannan fiye da kowace shaƙa. Akwai kuma kuɓucewa: in an damƙe maka hannu, ka juya shi ta wajen babban yatsan mai riƙon, nan ne riƙo ya fi rauni. 'Yan mata, waɗanda al'ada ba ta ba su wuri a fagen kokowa ba, su ne suka fi bukatar irin wannan, kuma ba sai da ƙarfin damtse ba.

Sai dai a faɗi gaskiya. Wanda ya tunkari wuƙa da hannu, ko ƙwararre ne, da wuya ya fita bai yanku ba. Kana birgima da ɗaya, na biyu na tsaye da gora a kanka, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ƙauyukan da ke kusa da iyaka, wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, masu tayar wa mutane hankali a kan babura suke zuwa da bindiga. Babu makarantar Japan da ke da maganin wannan. Ita ma shaƙar da samari ke sha'awa a bidiyo ba abin wasa ba ce: tana toshe jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum ya some, in aka daɗe a riƙe sai gawa. Doka ta yarda mutum ya kare kansa sa'ad da haɗari ke kansa, amma wanda ya ci gaba da murɗa bayan ɗayan ya saki, shi jandarmomi za su tafi da shi.