Tsakanin Kunya da Kirari: Harshen Maƙalar Neman Gurbi a Makarantar Kasuwanci

Gabatarwa

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, idan ya nufi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, akan nemi ya gabatar da takardun shaidar karatu da wasiƙun waɗanda suka san aikinsa. Bayan su akwai rubutu guda da zai yi da hannunsa, inda zai bayyana ko shi wane ne, da abin da ya taɓa aikatawa, da dalilin neman gurbin. A makarantun da ke koyarwa da Faransanci, irin su CESAG ta Dakar da aka kafa a 1985, rubutun yakan zo a siffar wasiƙar bayyana buri. A masu koyarwa da Ingilishi kuwa, yakan zo a siffar gajerun maƙaloli masu ƙayyadaddun kalmomi. Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Stanford a Amurka, alal misali, ta daɗe tana tambayar mai nema abin da ya fi muhimmanci a gare shi da kuma dalili. Idan maki ya zo kusa da juna, wannan rubutu yana daga cikin abubuwan da ke raba wanda za a ɗauka da wanda za a bari, kuma sau da yawa tallafin karatu na rataye da shi. Wannan maƙala za ta dubi matsalar harshe da Bahaushe ke cin karo da ita a nan, da mafitar da ke cikin al'adar maganarsa.

Wane irin rubutu ne?

John Swales, a littafinsa na 1990 kan nazarin nau'o'in rubutu, ya nuna cewa kowane nau'i yana da matakan da masu amfani da shi ke sa ran gani. Vijay Bhatia ya ɗora a kan wannan a 1993, inda ya sanya wasiƙar neman aiki da wasiƙar tallar haja a gida ɗaya, domin manufarsu guda ce: shawo kan mai karatu. Maƙalar neman gurbi ƴar wannan gida ce. Abin da ya sa ta yi nauyi shi ne, marubucin shi ne hajar, kuma shi ne dillalin.

Tarko na farko: kunya

A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da ake auna mutum da su. Hausawa kan ce yabon kai jahilci. Yabo aikin wani ne, shi ya sa ake da maroƙa. Wannan tarbiyya tana da madogara a nahawu, wato wakilin sunan nan da ba ya ambatar mai aiki, «an» da «aka» da «ana», wanda Paul Newman ya kira mutum na huɗu a littafinsa na nahawun Hausa na 2000.

Mu ɗauka wani saurayi ne daga Madarunfa ya riƙe wa ƙungiyar manoman rani littafin shige da fice a fadamar Jiratawa. Da za a tambaye shi aikinsa a gaban dattawa, zai ce: «An yi ta asarar kayan lambu, aka zauna aka yi shawara, da taimakon Allah aka shawo kan abin.» Duk wanda ke zaune a wurin ya san shi ya yi aikin, kuma zai ƙara ganin girmansa da bai ambaci kansa ba. Amma idan jimlar ta koma Faransanci da «on», ko ta koma Ingilishi a siffar da ke ɓoye mai aiki, malamin da ke karanta ta a Dakar ko a Legas ba shi da wannan sani. Abin da ke gabansa labari ne na aikin da ba a san mai shi ba. Zai iya ɗauka saurayin ɗan kallo ne kurum.

Ga ɗalibin Nijar akwai ƙarin nauyi, domin a makaranta ya koyi wasiƙar hukuma ta Faransanci, wadda ke buɗewa da neman alfarma daga babba cikin ƙasƙantar da kai. Salo ne da ya dace da neman takarda a ofishi, amma a maƙalar neman gurbi yana cinye layuka ba tare da ya faɗi kome game da marubucin ba.

Tarko na biyu: kirari

Wanda aka gaya wa ya daina ɓoye kansa yakan faɗa ɗaya ramin. Inda al'ada ta yarda mutum ya yabi kansa a fili shi ne kirarin ƴan kokowa da ƴan dambe da mafarauta, don haka sai ya jero sifofi: haziƙi, jajirtacce, mai hangen nesa, shugaba tun daga haihuwa. Kirari yana aiki a fage ne saboda ƴan kallo sun san mai shi, kuma nan take za a gwada ƙwanji a tabbatar ko a ƙaryata. A takarda babu fage. Sifa da'awa ce, kuma kusan duk masu nema irin waɗannan sifofi suke rubutawa, saboda haka ba su bambanta kowa da kowa.

Mafita daga kasuwa

Akwai nau'in magana na uku da Hausawa suka ƙware a kansa, wanda ya fi kusa da abin da ake nema. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda kasuwancin garin ya ginu a kan dangantakar ubangida da yaransa. Yaron da aka aika Kano da kaya, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya dawo, zai zauna gaban ubangidansa ya ba da bahasi: na tarar da farashi kaza, na ƙi sayarwa ranar farko saboda kaza, na ba wane bashi, na yi asara a nan, ga abin da ya saura. Maganar cike take da «na», amma babu mai kiranta yabon kai. Dalili kuwa shi ne kowane «na» yana tare da aikatau da abin da za a iya bincikawa, kuma ana faɗin asara kamar yadda ake faɗin riba. Riƙon amana ne ya wajabta ta.

Tsarinta ya yi daidai da abin da William Labov da Joshua Waletzky suka gano a 1967 game da labarin da mutum ke bayarwa na abin da ya same shi: shimfiɗar wuri da lokaci, sai abin da ya dagule, sai warwara, tare da auna ma'anar abin da ya faru. Idan saurayinmu ya bi wannan, zai rubuta: «Da na duba littafin, na ga asarar ta fi yawa a ranakun da kowa ke kai kaya Maraɗi lokaci ɗaya. Na kawo shawarar a raba ranakun tsinka. Dattawa suka ƙi da farko, domin na kawo maganar a taro ban fara ganinsu ɗaya-ɗaya ba. Na gyara, suka amince.» Sai ya biyo da ainihin adadin da ke cikin littafinsa. Babu sifa ko ɗaya a ciki, amma mai karatu ya ga lura, ya ga kuskure, ya ga gyara. «Mun» ma tana da gurbinta, wato wurin aikin da aka yi tare, muddin an ware abin da marubucin ya yi da kansa.

Kalmomin gida

Wajibi ne a kula da kalmomin da ba su ƙetara harshe salin-alin. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce ta sefa, don haka «ɗari» a bakin mai sayarwa faran 500 ce. Wanda ya fassara lambar kai tsaye ya rage aikinsa ninki biyar. Haka tiya da adashi, kowanne yana buƙatar gajeren bayani a karon farko. Kada kuma a raina su. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991 bisa tushen adashi, sun zama tsarin tanadi da rance da ake koyi da shi a ƙasashe da dama. Ɗalibar da ta riƙe asusun irin wannan ƙungiya tana da abin faɗa wa makarantar kasuwanci, in ta bayyana yadda ake zubi da yadda ake bin bashi.

Sashen ƙarshe na maƙalar, inda ake faɗin buri, shi ma wannan doka yake bi. «Ina son in taimaki ƙasata» jimla ce da kowa zai iya sa wa hannu. Abin da ake so shi ne a faɗi matsalar da aka gani da ido, da ilimin da aka rasa wajen magance ta, da darasin da makarantar ke koyarwa wanda zai cike giɓin.

Kammalawa

Ga gwajin da ɗalibi zai iya yi wa rubutunsa. Ya fara ba da labarin da Hausa, da baki, kamar yana gaban wanda ya ba shi amanar dukiya, sannan ya rubuta. Bayan haka ya ja layi a ƙarƙashin kowane «an», ya tambayi kansa wa ya yi aikin. Ya kewaye kowace sifa da ya ba kansa, ya nemi aikin da zai maye gurbinta. In babu, ya goge ta. Ɗaliban kimiyyar harshe suna da rawar takawa a nan, domin abokansu na sashen tattalin arziki sukan kawo musu irin waɗannan rubuce-rubuce a gyara musu nahawu. Kafin a taɓa waƙafi da aya, ya kamata a fara duba wakilan suna.