Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Kwamfuta Da Direbanta A Birnin Gwari

Daga Wakilinmu

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar kilomita kamar 120 ce, ta Udawa da Buruku, kuma yawancinta cikin daji. Shekaru da dama 'yan bindiga sun mayar da wannan hanya abar tsoro. Ko da yake an sami sauƙi bayan sulhun da ya sa Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun garin a watan Nuwamba na 2024, har yanzu ba tafiya ce da mutum zai yi don ƙaramar matsala ba. Ga kuɗin mota, ga asarar yini guda.

Amma kuwa ƙaramar matsala ce kan sa akawu ko ɗalibi ya rungumi kwamfutarsa ya nufi wurin masu gyara. A ce malamin makaranta ya sayi kwancen kwamfuta, aka goge ta aka sa mata sabuwar Windows. Ya kunna, komai lafiya, amma ta ƙi ganin intanet sam. Ga takardun da zai aika hedkwata, ga ɗansa yana son gwajin jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da ita a kan kwamfuta baki ɗaya. Sai ya ɗauka an cuce shi. Sau da yawa kuwa ba abin da ya lalace, direba ne kawai babu.

Shi wannan direba ba mai tuƙa mota ba ne. Wata 'yar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Windows da ɗan ƙarfen da ke kama Wi-Fi ko kebul. Kamfanoni irin su Intel da Realtek da Broadcom ke ƙera waɗannan ƙarafa, kowane kuwa da harshensa. In babu tafinta, Windows tana ganin baƙon, amma ba ta jin abin da yake cewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. A intanet ake samo direban, ita kuwa kwamfutar ba za ta hau intanet ba sai da shi. Wannan shi ne sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu na farko, mai karatu ya tabbata ba a kashe Wi-Fi ɗin da gangan ba, domin wasu tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan makunni a gefe, akwai kuma alamar jirgin sama wadda kan rufe duk sadarwa. In ba nan matsalar take ba, sai ya buɗe wurin da Windows ta kira Device Manager, watau jerin dukan ƙarafan da ke cikin na'urar. Wanda ba shi da direba zai fito da alama ruwan ɗorawa a jikinsa.

Abu na biyu shi ne sanin sunan baƙon. A cikin bayanan wannan ƙarfe akwai layin da aka rubuta Hardware Ids, inda za a ga haruffan VEN da lambobi huɗu a bayansu. Lambar 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 14E4 kuwa ta Broadcom. A kwafe layin duka a takarda, haɗe da lambar samfurin kwamfutar wadda galibi ke manne a ƙarƙashinta.

Abu na uku shi ne aron ruwan ciki. Mai wayar Android ya haɗa ta da kwamfutar da kebul, ya kunna raba intanet ta kebul a cikin saitin wayar. Galibi Windows ta zo da tafintan wannan hanya tun daga gida, don haka nan take za ta hau, ta nemo direban da kanta. In hakan bai yiwu ba, a sauke direban a kwamfutar wani, a kawo shi a filashi, a buɗe shi, a bi umurninsa, sa'an nan a kashe na'urar a sake kunnawa.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. A ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, ba daga shafukan da ke alkawarin gyara komai kyauta ba, domin ta nan ƙwayar cuta kan shiga. Kuma a dubi irin Windows ɗin da ke ciki, don direban wata ba lalle ya yi wa wata aiki ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka mutane da yawa za su sauya Windows, duk mai sauyawa kuwa yana iya cin karo da wannan matsala.

Mutanen Birnin Gwari ba sa bukatar a gaya musu cewa sadarwa ba kullum take kwana gida ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a yankin saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ranar da ake da sabis, ita ce ranar tanadi.

Don haka duk wanda kwamfutarsa ke aiki yau, ya sauke direbanta ya adana a filashi tun kafin a goge ta. Shugabannin ofisoshi da makarantu su ma ya kamata su sa a ajiye filashi guda a aljihun tebur, a rubuta wa kowace na'ura sunanta. Aikin minti goma ne, ya kuwa fi a wuni a hanyar Kaduna.